Rebab na Malayawa a cikin gilashi: danginsa ɗaya da goge? Me ya sa ba a kaɗa shi?

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Maleshiya ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya shiga wani gidan adana kayan tarihi a Kuala Lumpur, sai ya ga wani abin kiɗa a tsaye cikin akwatin gilashi, mai dogon wuya da tsirkiya uku, ga bakansa a ajiye a gefe, an rubuta "rebab" a ƙarƙashinsa. Yana son sanin ko asalinsu ɗaya da gogenmu, da kuma dalilin da ya sa aka kulle shi tsirkiyarsa a sake, maimakon a miƙa wa makaɗi ya riƙa kaɗawa mutane suna ji.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Idonka ya ga daidai. A ƙira, rebab da goge 'yan gida ɗaya ne. Tun shekarar 1914 wasu masana biyu a Jamus, Erich von Hornbostel da Curt Sachs, suka tsara yadda ake kasa kayan kiɗa gida-gida bisa hanyar da sauti ke fita daga jikinsu, kuma har yau da tsarinsu gidajen tarihi ke aiki. A cikinsa akwai gidan masu tsirkiya waɗanda sandarsu ke ratsa cikin ƙoƙon ta ɓullo ta ƙasa. Ka tuna yadda sandar goge ke shiga ƙwarya ta fito ta ɗaya ɓarin a ɗaure tsirkiya a jikinta. Haka rebab yake, sai dai tasa sandar ta zarce ta zama ƙafar da yake tsayawa a kanta. Dukansu an rufe bakinsu da fata, dukansu da baka ake goga su, kuma a dukansu makaɗi ba ya danne tsirkiya har ta taɓa wuya, yatsa kawai yake ɗorawa a kanta tana a sama. Wannan ne ya sa muryarsu ke iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan kamar ta mutum.

Batun asali kuwa sai an bi a hankali. Sunan na Larabci ne, rabab, kuma masanin falsafa al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambace shi a rubutunsa kan kiɗa. Fatake da matafiya sun yaɗa sunan gabas da yamma, amma ba ko'ina ya faɗa kan abu iri ɗaya ba. Rababar Larabawan ƙauye tsirkiya ɗaya gare ta da jiki mai kusurwa huɗu. Ta Masar da ɓawon kwakwa ake yi. Ta Maroko kamar ɗan kwalekwale take. Rubab na Afganistan ma ba a goga shi sam, kaɗa shi ake kamar garaya. Na tsibirin Jawa a Indunusiya tsirkiya biyu ne. Saboda haka suna kaɗai ba ya zama hujja. Makusantan goge su ne imzad na Buzaye da nyanyeru na Fulani da gonje na Dagomba a Gana, kuma masana da dama na ganin ta Arewacin Afirka irin wannan kiɗa ya ratso Sahara. Idan haka ne, dangantakar goge da rebab ta nesa ce, irin wadda sai an zauna an tsefe asali kafin a gano inda kakanni suka haɗu. Wanda ya fi kama da rebab ɗin da ka gani shi ne saw sam sai na fadar Tailan, shi ma mai tsirkiya uku, kuma maƙwabtaka ce ta kawo hakan.

Mai tsirkiya uku da ka gani, gidansa jihar Kelantan ce, can arewa maso gabashin Maleshiya, da yankin Patani da ke kudancin Tailan a yau. Kada ka haɗa shi da gambus, wanda aka fi sani a jihar Johor wajen rawar zapin, shi ba a goga shi, kaɗa shi ake kamar garaya, kuma danginsa suna Yaman. Sape da za ka gani a shagunan 'yan yawon buɗe ido kuwa na mutanen cikin dajin jihar Sarawak ne, ba na Malayawa ba.

Bari in zaga da kai jikin abin, domin idan ka koma ka san inda za ka sa ido. Ƙoƙonsa sassaƙa shi ake daga itace, galibi itacen nangka, wata bishiya mai ƙaton 'ya'ya wadda cikinta rawaya ne, ba ta saurin tsagewa kuma tana amsa sauti. Fuskar an rufe ta da tantani mai sirantaka ƙwarai da ake samu daga kayan cikin saniya ko ɓauna. Idan ka kwatanta da fatar guza ko damo da ake sa wa goge, wannan ya fi ta laushi nesa ba kusa ba. A kan tantanin akwai ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, irin wanda masu goge ke kira jaki. A sama akwai maɗaurai uku da suka fito ta gefe, da su ake ƙara ko rage tauri. Kan an sassaƙa shi da tsini hawa-hawa kamar kambin sarauta, an yi masa fenti, sau da yawa ja da kore da ruwan zinariya. Bayan ƙoƙon kuma an lulluɓe shi da ƙyalle, an rataya zaren ulu kala-kala yana reto.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen sassan. Malayawa na kiran saman kepala, wato kai. Maɗauran su ne telinga, kunnuwa. Tsinin ƙasa kaki ne, ƙafa. Sannan idan ka duba fuskar da kyau, daga gefen sama, za ka ga wani ɗan dunƙule manne da tantanin. Kakin zuma ne, wani lokaci da ɗan murfin ƙarfe a kansa, suna kiransa susu, wato nono. Baƙo zai ɗauka ado ne ko datti, alhali a nan sirrin muryar yake. Tantani mai sirantaka yana da wani sauti guda da yake yi wa ihu fiye da saura, sai murya ta yi ƙaiƙayi a kunne. Nauyin wannan kaki shi ke danne ihun, ya sa sautin ya yi zurfi ya daidaita. Makaɗi kan matsar da shi ko ya ƙara masa nauyi har ya sami muryar da yake nema. Saw sam sai na Tailan ma yana da irinsa, sai dai a fada akan yi masa ado da duwatsu masu daraja. A tsofaffin rebab na gidajen tarihi, wannan dunƙule yana cikin abin da ke fara faɗuwa, ya bar tabo zagayayye a kan tantanin. Ka nemi tabon in babu kakin.

Mutanen da suka ba abin kiɗa kai da kunne da nono da ƙafa ba su ɗauke shi itace kawai ba, kuma aikinsa ya nuna haka. Rebab shi ne jagoran kiɗa a Mak Yong, wasan gargajiya na Kelantan da ya haɗa waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. 'Yan rakiyarsa kaɗan ne: ganguna biyu da ake kira gendang, uwa da ɗa, da manyan farantan tagulla biyu a rataye da ake kira tetawak. Mata ne ke ɗaukar manyan matsayi, har matsayin sarki, Pak Yong, mace ce ke hawansa, maza kuma su fito a matsayin Peran, barorin sarki masu ban dariya. Kafin a shiga labari akwai buɗewa da ake kira Menghadap Rebab, ma'ana fuskantar rebab. 'Yan wasan mata za su shigo su zauna a ƙasa suna fuskantar mai rebab, jagorarsu ta fara rera waƙa a hankali, yatsu da kafaɗu na motsi kaɗan-kaɗan, rebab na bin muryarta yana zagaya ta, har su miƙe tsaye. Idan ka ji shi za ka kasa rabe inda muryar mace ta tsaya da inda tsirkiya ta karɓa. Ka ga ke nan, wannan abu da ke tsaye shi kaɗai a gilashi, a muhallinsa shi ake zama a gaba a gaisar kafin a fara komai.

Yana da wani aikin a Main Puteri, hanyar magani ta gargajiya. Akwai mai magani, Tok Puteri, akwai kuma mai rebab, Tok Minduk, wanda ke kiɗa yana yi wa mai maganin tambayoyi cikin waƙa har a gano abin da ke damun majiyyaci. Daga cikin cututtukan da suke nema akwai na angin. Kalmar na nufin iska, kuma na san inda tunanin Bahaushe zai tafi da ya ji goge da iska a wuri ɗaya. Kamar akwai, amma a lura: a wurinsu angin ya fi karkata ga ɗabi'a da buƙatar da aka halicci mutum da ita, wadda idan aka danne ta ya rasa mafita sai ya kwanta ciwo. Tsohuwar 'yar wasan da aka raba da fage, alal misali, suna iya cewa angin ɗinta ne ya toshe. Rebab har ila yau shi ke raka mai ba da labari a Tarik Selampit, inda mutum ɗaya ke kiɗa yana rera hikaya.

Yadda ya kai ga gilashi yana da hanyoyi biyu. Ta farko ta Turawa ce. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 masu bincike daga Ingila sun shiga yankin suna tattara kaya. W. W. Skeat ya jagoranci tawagar jami'ar Kambrij a 1899 zuwa 1900, sannan Nelson Annandale da Herbert Robinson suka bi a 1901 zuwa 1902, kuma Henry Balfour na gidan tarihin Pitt Rivers a Oksfod ya yi bayanin kayan kiɗan da na biyun suka kawo. A lokacin Kelantan na ƙarƙashin ikon Siyam, wato Tailan ta yau. Sai a yarjejeniyar 1909 Siyam ta sakar wa Ingila Kelantan da Terengganu da Kedah da Perlis, Patani kuma ta zauna a hannunta. Shi ya sa a tsofaffin takardun gidajen tarihin Turai za ka iya ganin abin Malayawa an danganta shi da Siyam. Mai bincike da bai san wannan ba zai nemi rebab a aljihun da ba nan yake ba.

Hanya ta biyu ta cikin gida ce. Mak Yong ya samu gata a fadar Kelantan a shekarun 1920, daga baya gatan ya yanke, wasan ya koma ƙauyuka. Mubin Sheppard, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki wajen kafa Muzium Negara, gidan tarihin ƙasa, da aka buɗe a Kuala Lumpur a 1963, yana cikin waɗanda suka jawo hankali gare shi, kuma 'yar wasa Khatijah Awang da ƙungiyarta Seri Temenggong suka sake ɗaga shi a shekarun 1970. Sai jam'iyyar Musulunci ta PAS ta karɓi mulkin Kelantan a 1990, a 1991 ta hana yin wasan a bainar jama'a, bisa hujjar cewa buɗe fagensa na ɗauke da kiran aljanu da abubuwan da suka saɓa wa tauhidi, ga kuma fitowar mata. A 2005 UNESCO ta ayyana Mak Yong cikin fitattun al'adun ɗan Adam, alhali a jiharsa haramtacce ne. Sai a 2019 aka sassauta, da sharuɗɗan da suka shafi sutura da rabuwar maza da mata da cire abubuwan tsafi. Kusan shekara 28 ke nan, tsawon da ya isa tsofaffin makaɗa da masassaƙa su tafi ba tare da sun sami magada da yawa ba. Damuwar malaman ba abin wasa ba ce, kuma ni Musulmi ne na fahimce ta. Amma ina da yaƙinin cewa adana abin da rubuta yadda aka yi amfani da shi aiki ne na tarihi, kuma al'ummar da ta rasa shaidar abin da ta bari ba za ta iya bayyana wa jikokinta dalilin barin ba.

To, me ya sa ba a kaɗa shi? A nan zan tsaya wa ma'aikatan gidan tarihi, don aikina ne kuma na ga abin da ke faruwa. Rebab haɗin abubuwa ne da ba sa jituwa da yanayi iri ɗaya: itace, tantani, kaki, ƙarfe, ƙyalle, fenti. Kowanne da yadda yake amsa laima. Ka san yadda ganga ke yin lakwas da damina har sai an gasa ta a wuta, da hunturu kuma ta ɗaure kamar za ta fashe. Itace ma yana kumbura yana motsewa, amma ba daidai da fata ba, kuma ya fi motsi a faɗinsa fiye da tsawonsa. Sabon tantani yana jure wannan ja-in-ja. Wanda ya shekara 80 ko 100 ya riga ya bushe, ya zama kamar busasshen ganye. Idan aka ɗaure tsirkiya uku, duk nauyinsu a kan jaki yake sauka, jaki kuma a kan tantanin nan yake tsaye. Na taɓa ganin wani tsohon goge a wata ma'ajiya da wani mai kyakkyawar niyya ya ɗaure wa tsirkiya da hunturu don a ɗauki hoto ya fito da kyau. Kafin gari ya waye fatar ta tsage daga ƙarƙashin jaki har baki. An sa wata, amma wadda mai shi ya zaɓa ya jeme ya ɗaura da hannunsa ta tafi ke nan. Saboda haka sakakkiyar tsirkiyar da ka gani alama ce ta cewa akwai mai lura da abin.

Makaɗi da ke aiki da rebab yana sauya tantani idan ya mutu, yana sauya tsirkiya, yana sabunta fenti, kuma daidai ne, don shi murya yake nema. Gidan tarihi shaida yake tsarewa. Kaurin tantanin asali, irin ɗaurin da aka yi masa, sawun wuƙar masassaƙi a cikin ƙoƙo, inda gumin yatsa ya dusashe fentin wuya, duk bayanai ne da gyara ke gogewa. Tsirkiyar da aka yi amfani da ita a da ta zare ce murɗaɗɗe, yau kuma ta ƙarfe ce, kuma bakan yanzu galibi zaren nailan ne a jikinsa. Idan ka ɗaura wa tsohon rebab tsirkiyar ƙarfe don a ji muryarsa, ka ƙara masa nauyin da ba a gina shi don ɗauka ba, kuma muryar da za ta fito ba ita ce wadda mutanen zamaninsa suka ji ba. Ba kayan Asiya kaɗai ake yi wa haka ba. A gidan tarihin Ashmolean na Oksfod akwai gogen Turawa da Antonio Stradivari ya ƙera a 1716, yana cikin mafiya daraja a duniya, kuma ba a kaɗa shi, domin darajarsa tana cikin kasancewarsa kusan yadda ya fito daga hannun maƙerinsa. CIMCIM, kwamitin gidajen adana kayan kiɗa na duniya, ya daɗe yana jan kunne kan mayar da tsofaffin kaya bakin aiki, kuma hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a auna tsohon, a sa gwani ya ƙera irinsa, a kaɗa sabon.

Gilashin kansa yana da aiki. A Kuala Lumpur laimar iska kan kai kashi 80 cikin 100, fumfuna kuma tana fara samun gindin zama da zarar an wuce kashi 65 zuwa 70. Ana ƙoƙarin riƙe cikin akwatin a wajen kashi 50 zuwa 55, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada ya riƙa hawa da sauka, shi ya sa kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana a kashe da dare kan yi ɓarna fiye da rashin ta. Hasken da ka ga ya yi duhu-duhu da gangan ne, don rinin ulu da ƙyalle na koɗewa, ana tsayar da shi a wajen luks 50 a ma'aunin haske. Ga ƙwari: gara da masu huda itace, asu a kan ulu, da masu cin fata. Sauran kaya akan sa su a firiza mai tsananin sanyi a kashe ƙwarin, amma abu mai ɗaurarren tantani an fi son a rufe shi a leda ta musamman a zuƙe iskar shaƙa na 'yan makonni. Wasu tsofaffin tarin na Turai ma an shafa musu guba irin su arsenik a da, wani dalilin ke nan na sa safar hannu.

Inda nake goyon bayanka shi ne ƙorafin shiru. Gidan tarihin da ya ajiye rebab ya rubuta suna da jiha kawai ya yi rabin aiki. Na sha ganin irin wannan ƙaramar takarda a wurare da dama, a gida da waje, ba sunan masassaƙi, ba sunan makaɗi, ba ko kalma kan wasan da abin ke jagoranta. Kamata ya yi a sa sautin Menghadap Rebab kusa da akwatin, a nuna hoton matan a zaune suna fuskantarsa, a ajiye sabo wanda makaɗi zai riƙa kaɗawa a ranakun da aka tsara, a kuma biya shi haƙƙinsa. Kuɗin da za a ba masassaƙi ya ƙera sabon ma yana raya sana'ar da ke neman gushewa.

Tunda kana Kuala Lumpur, abin bai yi maka nisa ba. Makarantar fasaha da al'adu ta ƙasa, ASWARA, tana koyar da Mak Yong, kuma ɗalibanta kan yi wasa a ga jama'a, ka bincika lokutansu. Idan ka sami hutu, ka hau mota zuwa Kota Bharu, babban birnin Kelantan. Kafin nan, ka koma gaban akwatin da littafi a hannu. Ka duba ko susu yana nan ko tabonsa ne ya rage, ko tsirkiyar zare ce ko ta ƙarfe, ko fentin wuyan ya goge a inda yatsu ke sauka, domin wanda aka ƙera don sayar wa baƙi ba ya da wannan gogewar. Ka kwafi lambar rajistar da ke jikin takardar, ka rubuta wa mai kula da sashen ka nemi abin da ke cikin fayil ɗinsa: shekarar da ya shigo, daga wane gari, daga hannun wa. Idan ka samu, ka aiko mini mu duba tare.